Ruwan Tsawar Mainasara

"...ku fito ku ga masarar nan, ku da kuke cewa yaron ya zautu! Tasalla, ajiye taɓaryar nan ki zo!"

Haka na cika tsakar gidanmu na Tudun Wada da ihu, har da kiran matata, a daminar tamanin da tara, ranar da ƙanena Mainasara ya shigo da zangarniya kamar damtse, alhali ko ƙwayar takin zamani gonarsa ba ta gani ba. Shekarar taki ya ɓace, sai mai hanya.

Mainasara mai walda ne. Tun yana yaro yake jin kawunnanmu Fulanin Falgore suna cewa ciyawar da ta sha ruwan tsawa ta fi kore. Kowa ya ji ya wuce, shi ya riƙe. Wai wutar walda ai ƙanwar walƙiya ce. Sai ya cika randa da ruwa, ya ɗaura ƙarafa biyu a saman ruwan, ya tada janareto, wuta tana tartsatsi yana motsawa da muciya. Ya gwada ya gwada har ya gane kanta. In ƙarafan suka yi nisa da ruwan, aikin banza. In aka rufe randar, warin ya canja, ya shaƙe mutum. Lokaci kuwa, daidai tafasar shayi. Ya ɗanɗana, in tsamin ya kai na ruwan tsamiya ya sirka da bokiti goma ya zuba wa shuka.

Da rani sai ga Alhaji Bature daga Bebeji, mai lambun tumatir.

"Kai mai tsawa, yi min duro huɗu. Amma ka bar wutar ta wuni."

"Alhaji, zai yi tsami."

"Yaro, ni za ka koya wa jiƙo? Magani in bai jiƙu ba ai ruwa ne."

Mainasara bai iya musu da babba ba, halinsa ke nan. Ya bar wuta tun hantsi har la'asar, ya roƙe shi ya sirka. Alhaji ya ce ba zai kashe ƙarfin magani da hannunsa ba, ya sa aka kwarara wa dashen tumatir haka nan. Kwana biyu lambun ya ƙone ƙurmus.

Shi ke nan. Aka ce tsafi yake, yana kiran aradu cikin randa. Mai unguwa ya sa aka fasa randar a gaban jama'a. Ko fartanya aka daina kawo masa. Ya sayar da injin ya koma Doguwa yana liƙin bokiti, in ka ɗauko zancen sai ya ce, "Yaya, bar shi." Matarsa Hauwa ta ce ko an yi tsawa juya baya yake.

Ni ban bari ba. Aji shida na gama da ƙyar, amma na san ƙanena ba matsafi ba ne. Kwalabe biyu na ruwan nan da suka rage, na gajeren lokaci da na wuni, na ba wani malamin gona ya kai wa masu gwaji a Zariya. Kafin amsa ta zo zazzaɓi ya ɗauke Mainasara, bayan ƙaramar salla.

Wata uku da rasuwar, masinja ya zo ya ce ana nemana a wayar sakatariyar ƙaramar hukuma.

"Kai ne yayan mai ruwan nan?" in ji muryar wani daga masu gwajin Zariya. "Abin da ke cikin takin zamani, naitirojin, yana cikin kwalaben duka biyun. Na farko daidai yake in an sirka. Na biyun ne wuta ta daɗe, tsami ya yi yawa, dole ya ƙona shuka. Wa ya koya masa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe!" Dariya nake, hawaye na zuba.

"To, a turo mana shi."

"Ya riga mu gidan gaskiya. Amma don Allah, Malam, sake faɗa daga farko. Bari in ba masinja ya ji da kunnensa, mutanen garinmu ba za su yarda da ni ba."