Ranar da Inna Ta Zuba Yaji a Taliyar Koriya

Mun tashi daga Kalgo ana sallame sallar asuba, ni da maƙwabciyata, wata malama 'yar Zuru da muke koyarwa makaranta ɗaya. A jakata akwai leda biyar na taliyar Koriya, irin wadda ake dafawa cikin 'yan mintuna kamar indomi. Ƙanena ne ya aiko su ta hannun abokinsa da ya zo hutu. Ba tsaraba muka ɗauko ba, shaida ce za mu kai gaban alƙali, alƙalin kuwa mahaifiyarmu ce, Inna, tana can Gwandu.

Ga yadda abin yake. Ƙanen nawa ya samu tallafin karatu a Koriya, ya cinye shekara ɗaya, saura biyu. Watan jiya Inna ta gan shi a kiran bidiyo, ta ce wuyansa ya yi tsawo. Ta tambayi abin da yake ci, shi kuma da wautarsa ya ɗaga mata kwano, wani farin abu yana iyo cikin ruwa. Shi ke nan. Ta ce ba za ta bar ɗanta a ƙasar da ba a san yaji ba, in ya zo hutu ya zo ke nan. Wanda bai san Inna ba sai ya ɗauka wasa ne. Tun ina goye take daka yajin sayarwa a unguwarmu, kuma da barkono take auna hankalin mutane. Shi kuwa bai taɓa tsallake maganarta ba. Na san in ta maimaita, zai tattara littattafansa ya dawo, kuma wannan ya hana ni sukuni.

Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi ba wani nisa, shinkafa ta nuna hagu da dama, masu yanka har sun shiga fadama. A tasha da aka faɗa mini kuɗin motar Gwandu sai da na sake tambaya, ko direban ya zaci shata zan ɗauka. Aka cusa mu mutum huɗu a kujerar mutum uku, ƙafata a kan buhun albasar wani dattijo da ya yi ta ba ni haƙuri har Dalijan. A nan ya sauka, muka sayi ƙosai mai zafi ta taga, na samu wurin miƙe ƙafa.

A hanya na shimfiɗa wa malama dabarata. Taliyar kala uku ce: mai farar leda, mai baƙa, da mai ja. Jar guda biyu aka aiko, mun dafa ɗaya a Kalgo don gwaji. Malama, wadda kullum take cika mini baki cewa mutanen Zuru da barkono aka yaye su, cokali uku ta yi ta fita tsakar gida tana fifita harshe da murfin tukunya. Don haka na yanke cewa jar ba za ta fito daga jaka ba. In Inna ta ɗanɗana, cewa za ta yi kashe mata ɗa ake yi a hankali.

Mun isa Gwandu da hantsi, muka hau mashin zuwa gida. Tun daga zaure atishawa ta kama mu, alamar Inna na kan aiki. Bayan gaisuwa na baje ledoji huɗu a tabarma. Ta juya ɗaya tana duban rubutun.

"Wanga ba naman alade cikinai?" ta tambaye ni.

Na nuna mata tambarin halal, na ce ɗan nata da kansa ya zaɓo masu tambarin. Ta ce to, a ɗora.

Muka fara da farar. Hannuna har ya kai ga mai da albasa, zan yi mata irin suyar mai shayi, malama ta riƙe ni, ta ce a bi yadda ƙanena ya faɗa a saƙonsa: ruwa da yawa, a ci da romo. Taliyar ta fi tamu kauri da danƙo, romon kuma kamar na ƙashi, ga 'yan ganyayyaki busassu da suka farfaɗo a ruwa. Ni ta yi mini daɗi. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye cokali, ta ce wannan ai ruwan ɗauraye tukunya ne, abin da ake ba wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ga shi da hannuna na ƙara mata hujja.

Baƙar ita ba ta da romo, miyarta kauri gare ta, baƙi wuluk, tana ɗan zaƙi. Inna ta yamutsa fuska, ta kai hanci, sai na ga ta tsaya. Ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta ce akwai daddawa a ciki. Na ce wake ne suke rufewa ya ruɓa. Ta ce to ba shi ne daddawa ba? Ta ci rabin kwano. Amma da ta gama ta ce daddawa ba ta riƙe ciki ita kaɗai, maganarta tana nan.

Malama ta dube ni, na dube ta. Ba ni da sauran abin ɓoyewa. Na zaro jar.

Aka dafa, aka tsiyaye ruwan, aka matse wani jan mai a kai, na ajiye a gabanta. Inna tana da ɗabi'a ɗaya: duk abincin da ba ita ta dafa ba, sai ta barbaɗa masa yajinta kafin ta ɗanɗana, ko da a gidan biki ne. Ina kallo ta buɗe gwangwani ta zuba cokali guda cur. Na buɗe baki, malama ta taka mini ƙafa. Wa zai riƙe hannun uwarsa?

Loma ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu gumi ya tsatso mata a goshi. Ta uku ta zame ɗankwali, hawaye na bin kumatunta, amma cokali bai tsaya ba. Ban taɓa ganin barkono ya sa Inna hawaye ba sai ranar. Ta cinye tas, ta kankare kwano, sannan cikin wata 'yar siririyar murya ta ce a dama mata fura.

Sai da ta shanye ta dawo hayyacinta. Ta ɗauki ledar da aka yar, ta shafe ta, ta ninke, ta soke a haɓar zani.

"Mutanen da sunka san barkono haka ba su barin baƙo da yunwa," in ji ta. "Ki ce mai ya zamna ya gama karatunai. Kuma kada ya kuskura ya dawo min bai taho da irin barkonon ga ba, shukawa za ni yi."

Malama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni dariya nake, idona cike da ƙwalla, kuma ban ci jar ba balle in ce ita ce.

Da la'asar muka kamo hanya, muka shigo Kalgo ana kiran magariba. Tafiyar nan ta koya mini cewa na daɗe ina lallaɓa Inna da abu mai laushi, alhali ita abin da ya fi ƙarfinta kaɗai take girmamawa. Abin da na ɓoye a gindin jaka shi ya ci mana shari'a. Washegari na kira ƙanena na faɗa masa. Ya tambaya ko ta ba da wani saƙo. Na ce ta bayar, ga shi a gabana: ƙullin yaji biyu. Ɗaya nasa ne. Ɗayan ta ce a kai wa wanda ya haɗa jar taliyar nan, ya ɗanɗana ya san a Gwandu ma akwai mutane.