'Yar Fari a Shekarar Mura

A shekarar da rediyo ya dame mu da zancen murar aladu, ina koyarwa a wata firamare a Kabo. Mu dai dariya muka yi ta yi. Ina mu ina alade? Abokiyar aikina 'yar kudancin Kaduna ita muka tasa a gaba da tsiya, kullum sai mun ce ta matsa can. Ita kuwa sai ta ce, "Ku yi ta dariya, Malama. Mura ba ta tambayar abin da mutum ya ci, a tari da atishawa take yawo."

Da kaka ta yi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, sai ga murar. Ban ce lallai ita ce ta rediyon ba, don ba wanda aka yi wa gwaji a cikinmu, amma tun da nake ban taɓa ganin mura irinta ba. Yaro zai zo da safe garau, kafin a fita tara ya kifa kai a benci, jiki zafi rau, yana rawar sanyi. Ga ciwon kai, ga maƙogwaro, ga busasshen tari, wasu har da amai da gudawa. Ni ma ta kayar da ni, na ji gaɓoɓina kamar an jibge ni da taɓarya. Sai dai yawanci kafin mako ya zagayo mutum ya miƙe, tarin ne kawai ke bin sa. Abin da ya ba mu mamaki, yara da matasa ta fi kayarwa, tsofaffi kuwa sama-sama take taɓa su.

Ina warwarewa aka aiko cewa surukar Yayata ta kwanta. Yaya tana aure a wani ƙauye kusa da Garo, don haka ran Asabar na tafi dubiya. Na tarar da gida cike, duk an taru a ƙofar ɗakin tsohuwa. An yi mata sirace da ganyen darbejiya, an dafa citta da kanumfari, kowa ya zo sai ya yi ƙasa da murya ya ce Allah ya sa kaffara ne. Ita kuwa mara lafiyar tana zaune daram tana cin goro, tana mitar an cika wa kununta tsami.

Muka gaisa, na yi sannu, sannan na ce, "Yaya, ina 'yata?"

Ta kau da kai ta ce, "Tana can."

'Yar da nake tambaya ita ce 'yar farin Yaya. Tana aure a Gwarzo, an kawo ta gida goyon ciki, cikin fari, ya kuma tsufa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, Yaya kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa. Tun yarinyar tana goye ban taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Har yabon Yaya ake yi a kan haka.

Na ɗaga labule na shiga. Innalillahi! Tana zaune ta jingina da bango, don ta ce in ta kwanta numfashi ba ya zuwa. Ƙirjinta sai sama da ƙasa yake da sauri, leɓɓanta sun yi duhu, kwanon koko na gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Magana ɗaya sai ta yanka ta gida uku. Da ƙyar na gane cewa zazzaɓin ya sauka kwana biyu, har ta yi wanki, sai ya dawo ya fi na da, yanzu kuma in ta yi tari tana ganin jini a majinar.

Na ce, "Ke wace irin yarinya ce? Me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Inna, wa zan gaya wa?"

Ita ma kunyar cikin fari take. Uwa na kunya, 'ya na kunya, ciwo na cin ta.

Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na fito tsakar gida, ban duba surukai ba, na ce, "Yaya, kun taru kuna jinyar mai cin goro, 'yarki na can tana mutuwa!"

Yaya ta ce a hankali, "Ke ma kin san ba na shiga sha'aninta."

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga ta juya tana kallon labulen ɗakin yarinyar. Daga baya ta gaya min duk tarin da yarinyar ke yi a kunnenta yake, bango ɗaya ne tsakaninsu. Ita ce ma ke dafa mata ruwan sirace, ta aika a ce ragowar na tsohuwa ne. Shiga ta dube ta da ido ne kawai ta kasa. Raina ya ɓaci, tausayinta kuma ya kama ni.

Aka kira mijin Yaya daga gona, aka sauke buhunan gyaɗa daga motar wani maƙwabci, muka shimfiɗa katifa muka nufi asibiti a Gwarzo. Yaya ta bi mu, amma gaban mota ta shiga, ba ta waiwayo ba.

Likita ya sa abin sauraro a bayan yarinyar, ya ce murar ta sauka huhu. Ya ce masu ciki su ne wannan mura ta fi yi wa illa, kuma duk wanda zazzaɓi ya sake shi ya dawo da haki, ba a kwana da shi a gida. Aka sa mata iskar oksijin, aka ɗaura ruwa, aka shiga allurai. Yaya ta samu gindin bishiya a waje ta zauna da carbinta.

Washegari da hantsi naƙuda ta taso, lokaci bai yi ba. Namiji ne, bai zo da rai ba. Mijin yarinyar da mahaifinta suka tafi da shi a ɗan ƙyalle, uwar kuwa ba ta ma sani ba, don ta fita hayyacinta. Nas ta ce mu riƙa yi mata magana. Na kira ta, mijinta da ya dawo ya kira, shiru. Ina share hawaye sai na ji mutum a bayana. Yaya ce. Ta tsaya kan 'yarta, ta dafa goshinta, ta kira sunanta sak, da ƙarfi, har masu jinyar gadon kusa suka juyo. Ta sake kira.

Ba zan ce kiran ne ya tashe ta ba, sai da aka ƙara kwana ana magani kafin ta buɗe ido. Amma da ta samu sauƙi ta ce min ta ji. Ta ce, "Inna, na ɗauka na mutu ne. Na ce wace ce wannan mai muryar babarmu da ta san sunana?"

Ta jima kafin ta iya ɗaukar bokitin ruwa ba ta yi haki ba, amma ta warke. Tsohuwa kuwa ta yi shekaru bayan nan tana cin goronta.

Yanzu in ka shiga gidan za ka ji Yaya na ƙwala wa 'yar farinta kira tun daga madafi. Rannan a wajen wani suna wata tsararta ta tsokane ta, ta ce, "Hajiya, an sayar da kunya ke nan?"

Yaya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Na yi kunyar. Jikana ta ci, ko suna bai samu ba."