Ana Ta Yabon Kunyata, Ashe Ciwo Nake Yi

Assalamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku. Tun hoton ranar suna ban ƙara cewa uffan ba, masu sayen turaren wuta ma na bar saƙonninku ba amsa. Ku yafe ni. Ba jan aji ba ne, jinya na yi.

Da na haifi ɗana na fari, aka kai ni gidanmu wankan jego. Inna ta tsaya a kaina tsayin daka, ga ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama. Ba abin da na rasa. Amma in aka miƙo mini yaron, sai in ji kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo. In shayar da shi ina kallon bango, yana gamawa in mayar wa Inna.

To kun san mu. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Sai 'yan barka suka yi ta yaba ni. Goggon maigidana da ta zo daga Pitowa har cewa ta yi, "Kai, yarinyar nan akwai kunya! Na yanzu ai a gaban suruka suke sumbatar ɗa."

Wallahi ba kunya ba ce. Ba na jin komai ne game da ɗana, kuma hakan yana ba ni tsoro.

Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, in shiga banɗaki in yi ta kuka ba dalili. Aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, a nan garinmu Garwa kuwa komai palu ne. Aka gwada jini, aka gwada taifot, babu komai. Malam ya yi mini rubutu da tofi, na ji sanyi a raina, amma nauyin ƙirjin yana nan.

Daga baya wani tunani ya fara zuwa mini, wai yaron nan zai fi jin daɗi idan babu ni. Wa zan gaya wa, ana ta yabona?

Ranar rigakafi muka je asibiti ni da Inna. Aka yi masa allura ya tsanyara kuka, ko motsi ban yi ba, Inna ce ta ɗauke shi. Ungozomar wurin, Madam Marta, ta dube ni, sai ta ce wa Inna, "Mama, fita da jaririn ya sha iska, zan duba uwar."

Da muka rage mu biyu ta ce, "A gaban mutane na gane, al'ada ce. Idan daga ke sai shi a ɗaki fa, kina yi masa wasa?"

Na buɗe baki zan ce e, kuka ya riga ni.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce akwai likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti, in je in gan shi. Na ce shi ke nan, gari zai ɗauka na haukace. Na kira maigidana, yana Figil ya je lodin siminti, na gaya masa komai har da wancan tunanin. Ya ce, "Da ƙafarki ce ta karye ai ba shawara za mu tsaya yi ba. Ga ni nan tafe."

Likitan bai ɗaure ni ba, bai kwantar da ni ba. Tambayoyi ya yi ta yi, in Faransancina ya ƙare mu koma Fulatanci. Ya sake aika ni gwajin jini da na maƙogwaro. Ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, kuma yana da magani. "Ba raunin imani ba ne," in ji shi, "kuma ba ƙin ɗa ba ne."

Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, wadda ba ta hana shayarwa, ya haɗa ni da wata mai ba da shawara da nake zuwa muna zantawa. Kuɗin ganinsa bai kai na atamfa mai kyau ba. Maganin ne ke ɗan ci, tunda duk wata sai an saya.

Da farko bakina ya riƙa bushewa, ga jiri, har na ce aikin banza nake yi. Aka ce in daure. A hankali barci ya dawo, na fara jin yunwa. Wata safiya ina shafa wa yaron mai ya yi atishawa, ya zaro ido kamar wani ne ya yi. Na tuntsire da dariya, na ɗauke shi na manna a ƙirjina, na kasa ajiyewa.

Yau alhamdulillah. Har yanzu ina shan magani, kuma ba zan bari ba sai likita ya ce.

Na gode wa Allah. Na gode wa Madam Marta, da likitana, da maigidana da bai taɓa goranta mini ba. Ku kuma da kuka yi ta tambayata, Allah ya bar zumunci.

'Yan uwana mata, in kuka ya ƙi tsayawa, barci ya ƙi zuwa, ko tunanin cutar da kai ya zo, a je asibiti a faɗa a fili. A riƙe addu'a, a haɗa da magani. Masu zuwa barka kuma, don Allah wata ta keɓe da mai jego ta tambaye ta ya zuciyarta.

Jiya na gaya wa Inna zan rubuta wannan. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Rubuta. Ke ma fa 'yar fari ce. Haka na yi da ke, kusan shekara. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Na matsa kusa da ita, na sa hannu a faifan, muka ci gaba da tsincewa.