Ƙarshen labarin da Inna ta riga ni ji

Shekarun baya, lokacin ban bar Agiye ba, ni ce mai bakin gidanmu. In aka baje gyaɗar iri ana ɓara, ni ke zuba labari, mahaifiyata tana dariya har da hawaye.

Sai aka kawo wata ungozoma asibitin gari, Kirista, ta kama ɗaki jikin gidanmu. Ta fara shigowa taya mu ɓara, ashe da guzurinta ta zo: labarin wani littafi nasu. Wai wata yarinya ce Sarkin Haske ya ba fitila ta ratsa daji da ita, wata baƙar kura tana bin ta, duk sanda yarinyar ta leƙi fitilar wani sai kurar ta ƙara ƙiba.

Shi ke nan, kasuwata ta watse. Inna, da carbi ba ya barin hannunta, sai ta riƙa cewa, "Wannan kura ai Shaiɗan ne, ɗiyata, ci gaba!" Ɗiyata! Ina zaune fa. Har kan furar da ake ajiye mini ya koma nata. Kishi ya cika ni fal, na dinga murje gyaɗa kamar ita ta yi mini laifi.

Labari bai ƙare ba aka yi wa ungozomar canjin wurin aiki zuwa Cadakori. Na raka ta tasha da fara'ar da ban taɓa yi mata ba.

Washegari na gyara zama na ce ni zan ƙarasa. Na ba yarinya takobi, ta sare kan kura, na haɗa har da kiɗa da guɗa. Inna ta bari na gama tsaf.

"Ba haka ya ƙare ba," in ji ta. "Ba a kashe kurar. Yarinya ta bar duban fitilar mutane, sai kura ta rame har ta koma kamar ɓera."

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Ita mana. Da ta zo bankwana, kina kasuwa."

Ai na gane wadda ke kiwon kura a gidan, ba sai an nuna ni da yatsa ba. Yanzu ma muna gaisawa da matar, mutuniyar kirki ce. Amma Inna ta rasu, kuma har yau in na tuna akwai wata hira tasu da ba ni ciki, sai in ji kurata ta miƙe tana hamma.