Garken Baffa Mato a Wayar Ramalan

A wata ruga ta Kahu aka haifi Malam Ramalan, amma ba ya son a tuna masa. Baffansa Mato ne ya raba shi da sandar kiwo ya kai shi boko, har ya zama malamin kiwon dabbobi a wata kwaleji a Rano. Da aka haɗa ajinsa da na wata jami'a a ƙasar Holan, ɗalibai suna ganin juna ta bidiyo duk Laraba, sai ga Ramalan ya dawo Bafulatani rana tsaka. Ya lura Turawan kan gyara zama in an ambaci makiyaya. Yakan ce wa kansa don ɗalibai yake yi, alhali fasfonsa da bai taɓa shan hatimi ba kullum yana cikin jakarsa.

Ya je Kahu ya durƙusa. "Baffa, hoton shanu kawai zan ɗauka. Karatu ne."

"Karatun ne ya ce a nuna dukiya ga idon da ba a sani ba?" in ji Mato. "Ko maƙwabcina bai san yawansu ba. Kai da ka sha nononsu!"

Ramalan ya ce to. Da garke ya dawo da yamma, ya laɓe bayan dalbejiya ya ɗauka, har da tsagar kunnen da ake gane shanun gidansu da ita. Turawa suka yaba. Ɗalibai suka watsa bidiyon, da sunan ƙauyen a ƙasa. Malamar Holan ta roƙi a yi darasi na gaba daga rugar kai tsaye, sannan a yi maganar ziyararsa zuwa can.

A kasuwar Kibiya wani dillali ya miƙa wa Mato waya yana dariya. "Malam Mato, ashe shanunka sun riga ɗanka zuwa Turai?"

Mato bai yi dariya ba. Bara ɓarayi suka kore garken maƙwabcin nan nasa.

Ran Laraba Ramalan ya iso da ɗalibai, yana ɗaga waya sama yana neman sabis, fuskokin Turawa na jira. Babu garke; turaku kawai ya tarar, da ɗanyen kashin shanu. Inna Saude, matar Baffa, tana wanke ƙwarya ba ta ɗago ba.

"Baffanka ya tashi da su," ta ce. "Ya ce kowa zai iya sanin inda suka yi, ban da kai."

Wata ɗaliba ta matso. "Malam, suna tambaya ina shanun."

Ramalan ya kife wayar a ƙirjinsa.