Ƙaiƙayin Kifayen Alhaji

Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma rabinsa a bakin kogin Haɗeja na yi shi. Kada masu digiri su ce na yi musu shisshigi. Abin da na gani zan faɗa.

Ina masinja a wani kamfanin jimar fata a Challawa sa'ad da mai kamfanin, Alhaji, ya dawo daga Dubai da sabon ciwo. Ya sa aka kafa akwatin gilashi mai tsawon gado a ɗakin baƙi, aka cika shi da ruwan gishiri, aka kawo kifayen teku ta jirgin sama. Wani rawaya, wani shuɗi, wani da zane kamar atamfa. Duk ka haɗa su ba su isa miyar mutum biyu ba. Manaja, wani dogo mai kwat ko ana zafin bazara, ya ɗora mini kula da su.

"Baba, ɗaya ya mutu, ka nufi Panshekara, kada ka waiwayo."

Can nake zaune. Na haura sittin a lokacin, ko gadi ba mai ɗaukata.

Wata biyu lafiya lau. Sai suka fara susa. Kifi ya taho a guje ya goga gefensa a dutse, ya juya ya goga ɗayan. Kunnuwansu, nan inda suke numfashi, suna buɗewa suna rufewa kamar zugazugin maƙeri. Shuɗin ya koɗe, wani yauƙi ya rufe masa jiki.

Nan fa masana suka tsiro. Mai haɗa sinadarin jima ya latsa wayarsa ya ce ƙwari ne, a zuba magani. Mutumin da bai taɓa ganin kifi ba sai a soye! Mai sito ya ce kambun baka ne. Manaja ya ce ƙazantata ce. Ƙarshe aka kira wanda ya sayar da su daga Legas, aka haska masa akwatin ta waya. Shi kam ya san aikinsa. Akwai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri? Babu. In an haska tocila, ana ganin gari-gari a fatar? Babu. An ƙaro sabon kifi? A'a. Aka gwada ruwan da 'yan kwalaben gwajin da ya haɗo da kifayen, komai daidai.

Ya ce, "To wani abu ne ke shiga ruwan nan daga waje."

Manaja ya kalle ni kamar ni ne abin. Ya ba ni mako guda.

A kogi mun san abu ɗaya: cuta ɗai-ɗai take kamu, in kuwa kowa ya taso sama lokaci guda yana haki, ruwa za ka tuhuma. Na zauna na zuba ido. Ranar Litinin suna da dama-dama. Ranar da aka yi baƙi, kafin la'asar sun rikice. Na ɗaga murfi, sai ga maiƙo yana sheƙi a saman ruwan. Na kai hanci. Shekaru ina shaƙar ɗoyin ƙiraga, wato ɗanyun fatu, amma wannan ƙamshi ko a kabari na san shi.

Alhaji kunyar warin kamfaninsa yake ji, warin da ya gina masa bene. In za a yi baƙi sai ya tsiyaya turare mai maiƙo a tafi, ya murza, ya shafe gemu, ya gaisa da kowa. Daga nan ya naɗe hannun riga ya tsoma a akwatin har wuyan hannu, don a ga rawayan nan yana cin abinci a yatsunsa. Baƙi su ce ma sha Allah.

Kwana biyu ina shawara. In na yi shiru, kifi ya mutu, a kore ni. In na faɗa, na ce wa mai gida hannunsa guba ne.

Ranar Alhamis, bayan baƙi sun fita, na rusuna.

"Ranku ya daɗe, na gano ciwon."

"Faɗi, Baba likita."

"Turarenku ne. Mu mun saba, muna ma godiya. Su kuwa baƙi ne, ba su san daraja ba."

Manaja ya zabura. "Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ma ka sani, tunda kullum kai ke riƙe masa agogo in zai tsoma."

Alhaji ya kai tafinsa hanci, ya daɗe yana sansanawa. Ya shige ofis.

Aka canja rabin ruwan, aka sa gawayi a matatar ruwan akwatin yadda na Legas ya ce, aka sayo wani dogon cokali na ba su abinci. Kwana huɗu susa ta tsaya, ba wanda ya mutu.

Korar ba ta zo ba. Takarda ce ta zo, an mai da ni siton ɗanyun fatu can baya, inda ba baƙon da ke leƙawa, inda kuma Alhaji ba zai haɗa ido da ni ba. Manaja ya karanta mini ita da Turanci, ya ce ƙarin girma ne. Na sa hannu. A nan na yi ta juya fatu har gwiwa ta ce ta gaji.