Mumuni ba mai gyaran lasifika kaɗai ba ne

Mumuni ya rasu. Yau da safe labarin ya same ni, ina shirin fitar da bas daga depot. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba ma ɗan uwa ne ya kira ni ba. Steph ce, baturiyar da suke ƙungiyar kiɗa tare. Kuka take, sai da ta maimaita sunansa sannan na gane.

Can sai ga sanarwa a group ɗin mutanenmu na unguwar Sparkhill a Birmingham: "Allah ya yi wa Mumuni mai gyaran lasifikar masallaci rasuwa." Na karanta, na sake karantawa. Mai gyaran lasifika. Iya abin da aka ga damar ba shi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Mumuni abokina ne tun muna yara a Birmingham, iyayenmu duka daga Kumasi suka zo. Da muka girma muka koma Manchester, muka kama flat ɗaya a Whalley Range. Makaɗi ne. Su uku ne, shi da Steph da Kieran, suna kiɗan na'ura mai ƙarar ƙarafa da ake kira industrial, wani lokaci su sassauta su yi synth-pop, wanda mutum zai iya takawa ba tare da kansa ya sara ba. Faifan da suka fitar ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Ni kullum ce masa nake kiɗansa kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali. Sai ya kwashe da dariya ya ce, "Sani, kai da kake wuni cikin ƙugin bas? Ai kai ne babban fan ɗina, ba ka dai sani ba."

Ya taɓa shiga bas ɗina daga Moss Side har ƙarshen layi, da 'yar rikoda a hannu, yana naɗar ƙarar ƙofa. Fasinjoji sai kallonsa suke. Ƙofar nan ta fito a faifansu na biyu.

Da kakata ta rasu a Kumasi, ya karɓi wani tsohon kaset da ta taɓa aiko mana, wanda ba a jin komai cikinsa sai shuuu. Ya zauna ya tace shi har muryarta ta fito tana kiran sunana. Da na fara godiya sai ya ce in bar shi ya ci shinkafarsa.

Duk azumi sai ya ɗauki jakar wayoyinsa ya tafi Birmingham ya haɗa wa masallacinmu sauti. Suna, ɗaurin aure, walima, duk shi ne. "Mumuni, zo, makirufo na kuka." Ya zo. Amma ranar da aka ji abin da yake yi a Manchester, sai aka ce kiɗan shaiɗanu. Hannunsa halal ne in lasifika ta lalace, in ta gyaru kuma a kau da kai. Shi ya sa ya daɗe yana fitar da faifai da sunan aro, don kada a nuna ƙanen babansa, Kawu Issaka, da baki a sahu.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi.

Kieran ne yake kai shi wankin ƙoda, ya jira, ya dawo da shi. Steph ta koyi dafa abinci ba gishiri, ta nemo mai sayar da naman halal da kanta. Daga Sparkhill kuwa an turo saƙonnin addu'a, ban raina ba. An kuma kira shi yana kwance ana tambayarsa wace waya ake jonawa a ina.

Makon jiya na je duba shi a asibiti. Ya rame sosai, amma idon nan na tsokana yana nan. Ya sa min headphones ya ce, "Ji wannan." Na ji wani bugu, dim, tsss, dim, tsss, can sama kuma wani sauti mai laushi.

Ya ce, "Injin da ke wanke min jini ne. Tunda ya hana ni sakat, shi ma sai ya yi aiki."

Sannan ya ce, "Juma'a faifan zai fito. Na gaji da ɓuya, Sani. This time sunan da babana ya raɗa min na sa."

Ɗazu Kawu Issaka ya kira ni. Ya ce, "Sani, ka gaya wa turawan nan kada su zo jana'iza gobe. Maganar kiɗan nan kuma a bar ta, a rufa wa yaro asiri."

Na ce, "Kawu, su fa suka yi jinyarsa."

Ya ce, "Mun gode musu. Amma nan wurinmu ne."

A rufa masa asiri. Sai ka ce sata ya yi. Ban ja da Kawu ba, uba ne, shi ma zafin rashi yake ji. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba.

Gobe da safe zan ɗauki Steph da Kieran a motata mu tafi Birmingham. Matata ta riga ta ba Steph aron mayafi. Ba wanda ya ce za su shiga sahu, a waje za su tsaya. Duk wanda zai kore su, ya fara da ni.

Kuma in liman ya yi kabbara a kan gawarsa, har su da ke bakin titi suka ji ta tas ba kuka ba ƙara, kowa ya tuna hannun wa ya haɗa wayar.

Ya Allah ka jiƙan Mumuni, ka yafe masa, ka sa ciwon nan ya zama kaffara, ka haskaka kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a. Ku ambace shi yadda shi ya so a ƙarshe: Mumuni makaɗi.